Gidan tarihi ba zai biya Titin Jefferson bashinsa ba

Duk wanda ya taso a gidan da ake kunna rediyo da yamma, ko ya taɓa zaman shagon tela, ko ya shiga motar doguwar tafiya a shekarun baya, ya san muryar Don Williams ko da bai san sunan mai ita ba. Mu a gidanmu kawuna ne mai kaset ɗinsa, da na Jim Reeves da Dolly Parton da Kenny Rogers, ya jera su a cikin wani kwalin takalmi, ranar da ba aiki in ya zauna guga sai ya saka, ba mai taɓa masa rikoda sai ya gama. A bayan kwalin kaset ɗin nan na fara ganin sunan Nashville, kuma tun daga lokacin na ajiye a raina cewa garin nan na jihar Tennessee garin Turawa ne masu malafa da dogon takalmi da jita, masu kiɗan kantiri, shikenan ba wani abu kuma. Na daɗe da wannan hoton a kaina, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, don haka garin yake tallata kansa wa duniya.

Abin da ya sauya min tunani wani ɗan gajeren bidiyo ne a YouTube, baƙi da fari, na 1965. Wasu samari biyu da ake kira Buddy da Stacey suna waƙa suna rawa a gaba, makaɗa sun jeru a bayansu, a cikin layin akwai wani siririn saurayi yana kaɗa jita da hannun hagu, yana rausaya tare da sauran, ba wanda ya kira sunansa, kyamara ma wucewa kawai take yi ta kansa. Jimi Hendrix ne. Wanda yau duk inda ake lissafin gwanayen jita na duniya da shi ake farawa. Shirin kuwa sunansa Night Train, ana ɗaukarsa a tashar talabijin ta WLAC a cikin Nashville daga 1964 zuwa 1967, Noble Blackwell ke gabatarwa, mawaƙan da makaɗan baƙaƙen fata ne, kiɗan kuma R&B ne zalla, wato kiɗan zamani na baƙaƙen fatar Amurka, shekaru kafin a fara shirin kiɗan talabijin na Soul Train da kowa ya sani. Na maimaita bidiyon nan ya fi sau goma a daren, ina ta tambayar kaina, to ina waɗannan mutanen suka shiga? Ta yaya gari zai samu irin wannan sannan a wayi gari in an ambaci sunansa ba mai tuna su?

Abin da na gano bayan na bi diddigi shi ne ya sa ni wannan rubutu, kuma zan faɗi matsayata tun yanzu. Kiɗan R&B na Nashville ba mutuwar Allah da Annabi ya yi ba. Hukuma ce ta zauna ta zana babbar hanya ta bi ta tsakiyar unguwar da yake rayuwa, wato Titin Jefferson, a daidai lokacin da ake gina wa ɗan'uwansa kantiri gida ana masa shimfiɗa. Yanzu da aka dawo ana karrama shi da gidajen tarihi da lambobin yabo, abu ne mai kyau ban ƙi ba, amma wallahi bai isa ba, kuma bai kamata a bar garin ya ɗauka ya sauke nauyi ba.

Tun farko ma, waƙar da ta fara fitar da sunan Nashville waje ba ta kantiri ba ce. A 1871 jami'ar Fisk, wadda aka kafa a 1866 don 'yantattun bayi, ta kusa rufewa saboda rashin kuɗi, sai aka haɗa ɗalibai tara, yawancinsu an haife su cikin bauta, suka fita yawon waƙa suna rera waƙoƙin addini na iyayensu. Su ne Fisk Jubilee Singers. A 1873 sun rera a gaban Sarauniya Victoria ta Ingila, kuɗin da suka tara da shi aka gina Jubilee Hall, yana nan tsaye har yau. Shi kuwa shirin rediyon da ya zama Grand Ole Opry, cibiyar kantiri, sai 1925 aka fara shi. Ku lissafa tazarar da kanku. Kuma ko a cikin Opry ɗin, ɗaya daga cikin taurarin farko baƙar fata ne, DeFord Bailey, mai busa hamonika, wanda in ya busa sai ka rantse jirgin ƙasa ne ke tahowa. Ya yi shekara wajen goma sha biyar yana jawo musu jama'a, in sun fita yawon wasa ba ya iya kwana a otal ɗin da abokan aikinsa ke kwana ko ya ci abinci a inda suke ci, a 1941 aka sallame shi, sauran rayuwarsa a shagon goge takalmi ya yi ta. Ya rasu a 1982. Sai 2005 aka saka shi a zauren girmamawa na 'yan kantiri. Ihu bayan hari kenan, kuma za ku ga wannan ɗabi'ar ta garin tana ta maimaita kanta.

Inda labarin ya fi yi min daɗi shi ne rediyo. Tashar WLAC tana da ƙarfin wat 50,000, da dare in iska ta kwanta muryarta tana ratsa rabin Amurka ta kai Kanada ta gangara har tsibiran Karebiyan. A wajajen 1946 wani mai gabatar da shiri, Gene Nobles, ya fara saka faya-fayen baƙaƙen fata cikin dare, ana cewa ɗaliban unguwar ne suka kawo masa su, sai wasiƙu suka fara zubowa daga ko'ina. Daga baya John Richbourg, da aka fi sani da John R., da Hoss Allen da Herman Grizzard suka shigo. Dukkansu Turawa ne, amma yadda John R. ke magana mutane da yawa sun yi shekaru suna ɗauka baƙar fata ne. A lokacin da yawancin tashoshi ba sa taɓa wannan kiɗan, yaro a ƙauyen Mississippi ko Alabama, baƙi ne ko fari, zai lulluɓa da bargo ya kara rediyo a kunne ya ji Muddy Waters da Little Richard da James Brown. Tsakanin waƙa da waƙa ana tallar man gyaran gashi da basilin, har da 'yan tsaki ɗari da za a aiko maka ta gidan waya, sannan ana tallar faifai, ka aika kuɗi zuwa shagon Randy a garin Gallatin ko shagon Ernie a Nashville a ɗauro maka su a kwali. Abun ya kai har a Kingston ta Jamaika wani ɗan kasuwa, Vincent Chin, ya sa wa shagon faifansa suna Randy's saboda wancan shagon da yake ji a rediyo, kuma wannan shagon nasa yana cikin wuraren da rege ya girma. Kun ga nisan da abin ya je.

Amma a nan ma sai an faɗi gaskiya, don ba na son in zana abin kamar aljanna. Tashar ta kamfanin inshora ce na Turawa, kamar yadda WSM mai Opry ita ma ta wani kamfanin inshorar ce. Masu kamfanonin faifan ma Turawa ne: Jim Bulleit mai Bullet, wanda ya fitar da faifan B.B. King na farko a 1949, da Ernie Young mai Nashboro da Excello, da Randy Wood mai Dot. Sun yi aiki, sun buɗe ƙofa, ban hana su haƙƙinsu ba. Sai dai ku duba yadda kuɗin ke tafiya. Arthur Gunter ɗan Nashville ya yi "Baby Let's Play House" a Excello a 1954, Elvis Presley ya sake rera ta a 1955, yau ka tambayi mutum ɗari waƙar waye, da ƙyar ka samu ɗaya da zai ce Gunter. Shi kuma Randy Wood, wanda ya yi arziki da sayar da faifan baƙaƙen fata, shi ne ya ɗauko Pat Boone, Bature tashin Nashville, ya riƙa sake rera waƙoƙin Fats Domino da Little Richard a tausashe don gidajen Turawa, har wani lokacin kwafin ya fi na asalin kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan shi ya sa lokacin da bala'i ya zo, makaɗan ba su da kamfani ko tasha ko banki nasu da zai tsaya musu. Abin da suke da shi nasu na kansu titi ne.

Titin Jefferson, a arewacin Nashville. Saboda dokokin wariyar launin fata, baƙar fata ba ya shiga otal ko gidan abinci ko gidan rawa na cikin gari, sai suka gina nasu a nan. Manyan makarantu uku suna jikin titin: Fisk, da kwalejin likitanci ta Meharry wadda ta yaye likitoci baƙaƙen fata masu ɗimbin yawa, da jami'ar jiha da yanzu ake kira Tennessee State. Ɗalibai, likitoci, malamai, lebura, sojoji daga barikin Fort Campbell in sun samu hutun ƙarshen mako, duk nan suke zubowa. Ga shagon aski ga kantin magani ga coci ga silima, ga gidajen kiɗa irin su Del Morocco da Club Baron da Maceo's. Ray Charles, Little Richard, B.B. King, Otis Redding, duk sun taka dandamali a wannan yankin. Hendrix da abokinsa mai jitar bes Billy Cox, bayan sun bar soja a 1962, nan suka sauka, ƙungiyarsu King Kasuals ita ce ke kiɗa a Del Morocco. Akwai labarin da tsofaffin unguwar ba sa gajiya da bayarwa, na daren da Hendrix ya jawo amfilifayarsa zuwa Club Baron ya ƙalubalanci Johnny Jones, gwanin jitar garin a lokacin, aka kara a gaban jama'a, Jones ya kayar da shi. Ina son wannan labarin don yana nuna maka matakin wurin. Titi ne da Jimi Hendrix zai zo ya sha kaye ya koma ya ƙara koyo.

In kuna son ku ji yadda daren wurin yake da kunnenku, ku nemi faifan Etta James da aka ɗauka kai tsaye a New Era Club a watan Satumba na 1963, sunansa Etta James Rocks the House. Ni da iyafis nake sauraronsa. Ba situdiyo ba ne, kana jin ɗakin ya cika maƙil, tana jefa musu baiti suna mayar mata, mata na ihu, wani na kiran sunanta daga can baya, ita kuma muryar tana karcewa tana ƙara matsa musu. Ba 'yan kallo ba ne waɗannan, rabin kiɗan su ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin da makaɗi da jama'arsa suka san juna, yana amshi suna amshi, zai gane abin da nake nufi. Wannan abun ba a saka shi a gilashi a rataye.

Wani abin da masu tallar garin ba su cika faɗa ba shi ne, kantiri da R&B ɗin nan da ake nuna su kamar ruwa da mai, a Nashville cikin kwano ɗaya suke ci. Kamfanonin faifai ne tun shekarun 1920 suka raba kasuwa gida biyu, wannan na baƙaƙe wannan na Turawan ƙauye, don sauƙin talla, sunan R&B ɗin ma mujallar Billboard ce ta fara amfani da shi a 1949. Su makaɗan ba haka suke ba. Ted Jarrett, baƙar fata ɗan Nashville, a shekara ɗaya, 1955, ya rubuta waƙar da Earl Gaines ya rera ta haura sama a jadawalin R&B, ya kuma rubuta wadda Webb Pierce ya rera ta yi makonni a lamba ɗaya a jadawalin kantiri. Mutum ɗaya, alƙalami ɗaya. Bobby Hebb, wanda iyayensa duka makafi ne kuma makaɗa, yana yaro yana kaɗa cokula yana rawa a ƙungiyar Roy Acuff a dandalin Opry, daga baya aka kashe yayansa Harold da wuƙa a ƙofar wani gidan rawa na unguwar a Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan harbe Shugaba Kennedy, shi ne ya zo ya yi "Sunny" a 1966 wadda har yau ake rerawa a duniya. Ita kanta banjo, da ake ɗauka alamar kantiri ce, bayi ne daga Afirka ta Yamma suka zo da iliminta, ka kalli tsohon hotonta na ƙwarya da fata da sanda ka kalli gurmi, ba sai an yi maka bayani ba. Sannan James Brown, wanda ya zo Najeriya a ƙarshen 1970 samari suka haukace a kansa, ɗaya daga cikin manyan waƙoƙinsa na wannan shekarar a situdiyon Starday-King na Nashville ya ɗauke ta a watan Afrilu. Wato iyayenmu da suka yi rawar James Brown da waɗanda suka yi shiru suna sauraron Jim Reeves, kayan gari ɗaya suke sha ba su sani ba.

Na gwada wannan a kan kawu da na je gaishe shi. Na saka masa "The Chokin' Kind", wadda Harlan Howard, babban marubucin kantiri, ya rubuta, amma a muryar Joe Simon ta 1969, wadda John R. ɗin nan na rediyo ya shirya a Nashville. Na ce Kawu wannan wane irin kiɗa ne? Ya karkata kai ya saurara har ta kusa ƙarewa, ya ce ai wannan irin namu ne, sai dai mai waƙar ya fi su ciwo a murya. Ya ce in tura masa a waya.

To sai hanya ta zo. Tun kafin ita ma an fara, a shekarun 1950 aikin sabunta kewayen majalisar jiha ya share tsohuwar unguwar baƙaƙen fata ta cikin gari, har da gidan wasa na Bijou inda su Bessie Smith suka yi wasa, aka gina babban ɗakin taro na birni a wurin. Sannan aka zo kan babbar hanyar tarayya mai lamba 40. Zanen farko ya bi ta kusa da ɓangaren Turawa, wajen jami'ar Vanderbilt, sai aka karkatar da shi arewa ya faɗa kan Jefferson. An ce an yi taron jin ra'ayin jama'a a 1957, amma sanarwar da aka liƙa a gidajen waya kwanan watan da ke jiki ma ba daidai ba ne. Mutanen unguwa ba su farga da girman abin ba sai bayan shekara goma, da aka fara auna gidaje. A 1967 malaman jami'a da 'yan kasuwa da limaman coci suka haɗa kwamiti suka kai ƙara, lauyansu Avon Williams, sanannen lauyan kare haƙƙin baƙaƙen fata. Suka faɗi a kotun farko, suka faɗi a ta ɗaukaka ƙara, kotun ƙoli ta ƙi ma sauraronsu. Katafila ta shigo a 1968. Gidaje sama da 600 aka rushe, ban da benayen haya da shaguna da coci-coci, tituna da dama suka zama lungu marar fita, unguwa ta rabu biyu, mai shago yana wannan gefen masu sayensa suna wancan gefen, tsakaninsu rami da motoci masu gudu. Del Morocco, inda Hendrix ya koyi sana'a, ta tafi a cikin rusau ɗin.

Ga abin da ya fi ƙona min rai. Wannan hanyar dai, lamba 40, a cikin jihar dai, da ta isa Memphis an zana ta ta ratsa wani lambun shaƙatawa mai suna Overton Park. Mazauna wurin suka kai ƙara, a 1971 kotun ƙolin da ta ƙi sauraron mutanen Jefferson ta saurare su ta ba su gaskiya, har yau hanyar zagaye lambun take yi. Ban ce a sare itatuwa ba, na ji daɗi da suka tsira. Amma doka ta samu hanyar kare itatuwa ta rasa hanyar kare gidajen mutane da wuraren kasuwancinsu da wurin da suka binne tarihinsu, shekara uku kacal tsakani. Kuma ba Nashville kaɗai ba ce, haka aka yi wa Overtown a Miami da titin Claiborne a New Orleans, duka unguwannin kiɗa ne na baƙaƙen fata.

Na san abin da wasu za su ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Za su ce ko ba hanya Jefferson zai yi sanyi. Bayan zaman dirshan da ɗalibai irin su Diane Nash da John Lewis suka yi a kantunan cikin gari a 1960, wariya ta fara karyewa, baƙar fata mai kuɗi ya samu damar kashe kuɗinsa inda ya ga dama, ciniki ya ragu a unguwa. Za su ce kiɗan ma ya sauya, kasuwar ta koma kamfanonin faifai na Motown a Detroit da Stax a Memphis da situdiyoyin Muscle Shoals a Alabama, WLAC ɗin ma ta sauya salo a shekarun 1970. Duk haka ne. Amma ku tuna kantiri ma ya shiga irin wannan halin. A tsakiyar shekarun 1950 da rok an rol ya fito, kasuwar kantiri ta faɗi warwas, tashoshi suka daina sakawa. Me aka yi? Masu kuɗi suka haɗu suka kafa ƙungiyar masu harkar kiɗan kantiri, wato CMA, a 1958 don tallata shi, su Chet Atkins da Owen Bradley suka sake masa tufafi ya zama mai laushi irin wanda kawu ke so, aka gina situdiyoyi a unguwar da ake kira Music Row, aka buɗe masa gidan tarihi a 1967. Ku riƙe wannan shekarar. A 1967 ɗin da ake yanka kintinkirin gidan tarihin kantiri, a cikinta mutanen Jefferson ke tsaye a kotu suna roƙon kar a rushe musu gidaje. Kiɗa biyu ne suka yi rashin lafiya a gari ɗaya, ɗaya aka kai shi asibiti, ɗaya aka bi ta kansa da mota. Unguwar da ciniki ya ragu tana iya farfaɗowa, an sha gani. Wadda aka haƙa rami a cikinta fa?

Yanzu maganar karramawa. A 2004 gidan tarihin kantiri ɗin nan ya shirya baje koli mai suna Night Train to Nashville kan R&B na garin daga 1945 zuwa 1970, faifan da suka tattara ya ci babbar lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2005, tsofaffin mawaƙa irin su Earl Gaines da Marion James da Johnny Jones da duniya ta manta da su suka sake hawa dandamali kafin su rasu. Wallahi wannan aikin alheri ne, waɗanda suka yi shi sun cancanci godiya, ni kaina ba don shi ba da yawancin abin da na rubuta a nan ban sani ba. A Janairu 2021 kuma aka buɗe babban gidan tarihin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka a garin. Amma a ina? A Broadway, tsakiyar mashayun kantiri da 'yan yawon buɗe ido, alhali tun farko a bakin Titin Jefferson aka tsara gina shi. Hujjarsu ita ce a Broadway jama'a suke, can za a fi gani, can zai iya riƙe kansa. Na fahimta, har ma ina ganin akwai wani abu mai daɗi a ce tarihin nan ya zauna a tsakar gidan da aka hana shi shiga. Sai dai baƙon da ya sayi tikiti ya kalli hoton Jefferson a bango, in ya fito a Broadway zai ci abinci, a Broadway zai kwana, a Broadway zai sayi tsaraba, sisinsa ba zai taka arewacin gari ba. Tarihin ya sake zama kaya da ake haƙowa a unguwa ɗaya ana sayarwa a wata, kamar dai zamanin faifai.

A can Jefferson ɗin kuwa, wanda ya riƙe abin wani dattijo ne, Lorenzo Washington, da ya mayar da gidansa ɗan ƙaramin gidan tarihi, ya cika bango da hotuna da kayan mawaƙan da ya sani ido da ido. Ginin Club Baron yana nan, ƙungiyar zumunci ta Elks ke amfani da shi, sai da aka yi ta neman taimako kafin a gyara rufinsa, a garin da ake zuba miliyoyin daloli a mashaya mai hawa huɗu da sunan tauraron kantiri. A 2018 wani binciken cibiyar Brookings ya nuna cewa a cikin waɗanda aka haifa a farkon shekarun 1980, yankin nan na arewacin Nashville ne ya fi ko'ina a Amurka yawan waɗanda suka ƙare a kurkuku. Unguwar likitoci da malaman jami'a fa. A Maris 2020 guguwa ta ratsa yankin, mutane ba su gama kwashe tarkace ba dillalan filaye suka fara yawo suna taya gidaje. Ko da hukumar birni ta kawo shawarar a rufe saman wani ɓangare na hanyar a yi fili a kai don a sake haɗe unguwar, mazauna da yawa ba su yi tsalle ba, sai da aka dakatar da shirin, don tambayarsu ita ce in an gyara wa zai zauna a ciki, mu ko waɗanda za su saye mu? Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Ana ta cacar baki a 'yan shekarun nan kan ko baƙar fata yana da wuri a kantiri, musamman da Beyoncé ta fitar da faifanta na kantiri a 2024, CMA ba ta saka ta a ko rukuni ɗaya na lambobin yabonta ba, Grammy kuma ta ba ta kyautar faifan shekara. Muhawara ce mai amfani, amma Beyoncé ba ta rasa komai ba. Ni hankalina yana kan jikokin waɗanda ke ihu a cikin faifan Etta James. Garin yana karɓar harajin otal daga miliyoyin baƙi duk shekara da sunan birnin kiɗa, to a ware wani kaso sananne a rubuce ya tafi Jefferson. A sassauta wa tsofaffin masu gidaje harajin da ke korarsu. A ba 'yan unguwar jari su buɗe wuraren kiɗa da za su zama mallakinsu, takardar fili da sunansu, ba da sunan wani kamfani daga waje ba. A gyara Club Baron gaba ɗaya a mayar da makaɗa kan dandalinsa duk daren Asabar, motar da ke ɗaukar baƙi daga Broadway ta riƙa tsayawa a ƙofarsa. In za a rufe saman hanyar, mazauna su ne za su zauna a kan teburin tun daga zanen farko, kuma sanarwar taron a kai musu ita har gida da kwanan wata daidai.